Daga wane taminal jirgina zai tashi? Tambayoyin matafiyan Maraɗi da amsoshinsu

Mutumin Maraɗi da zai fita ƙasar waje ta jirgin sama ba daga ƙofar gidansa yake tashi ba. Sai ya wuni a mota zuwa Yamai, ko ya ƙetare iyaka zuwa Kano, wani lokaci har Abuja ko Legas, kafin ya sa ido a kan jirgin da ya biya. Shi ya sa kuskuren da ɗan babban birni zai gyara da kuɗin tasi, mu yakan cinye mana tikiti ɗungurungum. Na tattara tambayoyin da ƴan kasuwa, masu zuwa umra, ɗalibai da masu raka marar lafiya suka fi yi mini, na amsa su gwargwadon abin da na sani.

Malam, ba filin jirgin ba ne gaba ɗaya? Mene ne kuma taminal?

Abu uku ne, ɗaya cikin ɗaya. Na farko filin jirgi, wato dukan wurin da aka kewaye, da titin da jirage ke gudu a kai. Na biyu taminal, ginin da fasinja ke shiga ya auna kaya, a buga masa fasfo, ya zauna jira. Na uku ƙofa, wadda daga ita ake shiga jirgi. Ƙaramin fili yana da gini ɗaya. Babba kuwa yana iya samun uku ko fiye, kuma tsakanin wani da wani tafiyar mota ce.

Ko a nan Maraɗi, idan za ka Yamai ba ka ce wa ɗan kabu-kabu "kai ni tasha" ka yi shiru. Sai ka faɗi kamfani, Rimbo ne ko STM, don kowanne da harabarsa. Haka za ka yi wa direban da zai kai ka filin jirgi a Jidda ko Dubai: ka faɗi fili, ka faɗi taminal. Ƙofa ba ruwansa da ita, sai ka shiga ciki za ka neme ta.

A ina zan ga taminal ɗina a rubuce?

A takardar tikitin da ajans ta buga maka ko ta turo ta WhatsApp. Duba layin kowane jirgi: akwai sunan gari, haruffa uku na fili, rana, lokaci, sannan kalmar Terminal ko Aérogare, ko harafin T da lamba. Wuri biyu ake rubutawa, na tashi da na sauka, kada ka haɗa su. Tafiya da dawowa ma kowanne da nasa.

Takardar nan ta ranar da aka sayi tikiti ce. Idan wata biyu ke nan da saye, abubuwa na iya sauyawa. Akwai wata lamba mai haruffa da alƙaluma 6 a saman takardar, ita ce mabuɗin tafiyarka. Ka shiga shafin intanet na kamfanin jirgin, ka sa ta tare da sunanka kamar yadda yake a fasfo, za ka ga bayanin da ke aiki a yau. Ka yi haka tun kana Maraɗi kafin ka hau mota, ka sake yi ana gobe tashi. Yawancin kamfanoni suna buɗe rajistar shiga jirgi ta waya awa 24 ko 48 kafin tashi, kuma katin shiga da za su ba ka shi ne maganar ƙarshe a kan taminal.

Idan ba ka iya ba, ka koma wurin wanda ya sayar maka da tikitin ka ce ya duba a gabanka. Hakkinka ne, yana cikin kuɗin da ka biya.

Tikitina bai nuna taminal ba sam. Kuskure ne?

Ba lallai ba. Sau da yawa filin ne ke da gini ɗaya. Amma idan garin Jidda ne, Dubai, Alƙahira, Legas, Paris ko Gwanzu ta ƙasar Cana, kada ka yarda da wurin da aka bari babu rubutu. Ka tambaya har a ba ka lamba.

Daga Yamai zan tashi. Akwai abin da zan rikice a kai?

Ta fuskar gini, a'a. Filin jirgin Diori Hamani, wanda ake rubuta NIM, yana da sabon ginin fasinja da kamfanin Summa na Turkiyya ya gina, aka buɗe a 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka. Ba girma ne da shi da mutum zai ɓata ba. Ka shiga ta wajen masu tashi, ka duba allo, ka nemi teburin kamfaninka.

Inda Yamai take kayar da mutanenmu shi ne kwanan wata. Jirage da dama masu fita waje cikin dare suke tashi, wasu bayan ƙarfe 12. Idan an rubuta Talata 01:30, to ran Litinin da dare za ka kasance a fili, wajen 22:30. Wanda ya ɗauka "daren Talata" ne, ya zo ran Talata bayan isha'i, jirginsa ya kusan kwana guda da tashi. Wannan kuskuren na fi jin tsoronsa fiye da kowanne, don mutum yana zaune lafiya lau a masauki yana shan shayi, bai san ya yi asara ba. Duk lokacin da ka ga ya fara da 00, 01, 02 ko 03, ka ja rana ɗaya baya.

Sai hanya. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, ta Gidan Rumji, Ƙonni, Dogondutsi da Doso, da shingayen bincike. Taya na fashewa, mota na lalacewa. Ban taɓa ba wani shawarar ya bar Maraɗi da asuba don jirgin daren ranar ba, ko da lissafi ya nuna zai isa. Ka kwana a Yamai. Kuɗin kwana ɗaya bai kai kuɗin canza tikiti ba.

Filin jirginmu na Maraɗi fa?

Yana nan, haruffansa MFQ, amma ba daga nan jiragen fasinja na yau da kullum masu fita waje ke tashi ba. Idan ka samu jirgin cikin gida zuwa Yamai, ka lissafa shi a matsayin tafiya dabam, ka bar tazara mai yawa tsakaninsa da babban jirgin.

Kano ta fi mana kusa. Yaya filin can yake?

Kano ta fi kusa ƙwarai, ba ta kai rabin nisan Yamai ba, kuma agogonmu ɗaya da Najeriya. Filin Malam Aminu Kano, KAN, yana da ɓangare biyu: na jiragen cikin gida da na ƙasa da ƙasa. Abin da za ka duba shi ne inda jirgin farko zai sauka. Idan daga Kano kai tsaye Adis Ababa ne, Alƙahira ko Jidda, ɓangaren ƙasa da ƙasa za ka. Idan kuwa tikitin ya ce Kano zuwa Abuja ko Legas, daga can a fita waje, to a Kano kai fasinjan cikin gida ne, ko da Indiya za ka ƙare. Mutane da yawa nan suke tuntuɓe. Mutum ya ce wa mai adaidaita "waje zan tafi", a kai shi ginin ƙasa da ƙasa, alhali jirginsa na Abuja yana can wancan gefen ana kiran fasinja.

Akwai kuma maganar iyaka. Mu da Jibiya da Katsina uwa ɗaya uba ɗaya ne, mun saba shiga da fita ba tare da wani dogon zance ba. Mai tashi ta jirgi ba haka zai yi ba. Ka tsaya a Ɗan Isa a buga maka hatimin fita a fasfo, a ɓangaren Najeriya a buga na shiga, don jami'in da ke filin Kano zai buɗe fasfon ya nemi yadda ka shigo ƙasar. Mun kuma ga yadda aka rufe iyakar a 2023 ba a buɗe ba sai a Maris 2024. Kafin ka biya tikitin da ke tashi daga Najeriya, ka tabbatar da halin da iyaka ke ciki da takardun da ake nema a lokacin.

An haɗa mini ta Legas. An ce wurin da rikici.

Gaskiya aka faɗa maka. Filin Murtala Muhammed, LOS, sunansa ɗaya amma gidajensa a warwatse suke. Jiragen cikin gida suna sauka a gine-gine biyu, wanda ake kira MMA2 da aka buɗe a 2007, da kuma tsohon da ake kira GAT. Ɓangaren ƙasa da ƙasa yana can nesa, sai da mota, shi ma tsoho ne da sabo, sabon an ƙaddamar da shi a 2022. Ga tarkon: idan ka ce wa direba "taminal 2" kawai, yana iya kai ka MMA2 na cikin gida, alhali sabon ginin ƙasa da ƙasa kake nufi. Ka fara da cewa ƙasa da ƙasa, ka faɗi sunan kamfanin jirgi, sannan lamba. Cunkoson Legas kuma ba ya tausayin mai sauri. Tazarar awa biyu tsakanin saukarka daga Kano da tashin babban jirgi ba ta isa ba. Ka nemi biyar ko fiye.

Abuja ta fi sauƙi. A filin Nnamdi Azikiwe ginin cikin gida da sabon na ƙasa da ƙasa, wanda aka buɗe a Disamba 2018, suna kusa da juna. Duk da haka sai ka ɗauki kayanka ka fita daga wannan ka shiga wancan, in dai ba a gaya maka an wuce da su ba.

Yayana ya je bara, ya kwatanta mini komai. Bai isa ba?

Ka riƙe kwatancen Yaya a kan masauki, abinci da kasuwa. A kan taminal kuwa, ka gode masa sannan ka duba tikitinka. Ba don bai sani ba, sai don abin da ya gani na ranar da ya je ne, da kamfanin da ya hau.

Wanda ya bi ta Istanbul a farkon 2019 a filin Ataturk ya sauka. A watan Afrilu na shekarar aka kwashe jiragen fasinja zuwa sabon fili mai nisa daga tsohon. Alhajin da ya san Jidda kafin 2019 bai san Taminal 1 na yanzu ba. Ɗan kasuwar da ya saba Gwanzu da gini ɗaya ya tarar da na biyu a 2018, na uku ya biyo baya a 2025. Ban da wannan, hukumar fili tana iya ɗauke kamfani daga wannan gini zuwa wancan saboda gyara, ba tare da labarin ya iso Maraɗi ba. Taminal yana bin kamfanin jirgi ne da ranar tafiya, ba garin da za ka kaɗai yake bi ba.

Na sayi tikitin wani kamfani, amma an ce jirgin wani zan hau. Wanne zan nema?

Kamfanoni suna sayar da kujeru a jiragen juna. A ƙarƙashin lambar jirgi za ka ga an rubuta operated by ko opéré par, sai sunan wani kamfani. Wannan na biyun shi ne mai jirgin, taminal ɗinsa za ka, teburinsa za ka tsaya.

Ka kuma saba da haruffa biyu da ke gaban lambar jirgi, don su allo ke nunawa: TK na Turkish Airlines ne, ET na Ethiopian, AT na Royal Air Maroc, MS na EgyptAir, SV na Saudia, EK na Emirates, KP na Asky. A allo ka nemi lambar, kada ka tsaya a sunan gari. Jirgi biyu na iya zuwa gari ɗaya cikin awa ɗaya daga ƙofofi dabam.

Umra za mu je da iyali. Yaya za mu yi da Jidda?

A zuwa babu wahala, inda jirgi ya ajiye ku nan za ku fito. A dawowa ake kuka.

Filin Sarki Abdul'aziz, JED, yana da wurare uku da suka shafe mu. Akwai Taminal 1, sabon da aka buɗe a hukumance a 2019, inda Saudia da kamfanoni da yawa suke, kuma a cikinsa tashar jirgin ƙasa na Haramain take, mai zuwa Makka da Madina. Akwai Taminal na Arewa, tsohon gini da wasu kamfanonin waje ke amfani da shi. Sai Taminal na Alhazai, mai rufin farin tanti, wanda yake tun 1981. Babu wanda za ka taka da ƙafa daga wani zuwa wani. Direban da ya ɗauko ku daga Makka zai tambaya da Larabci wace "sala", wato wane taminal, amsar kuma ɗaya ce cikin uku: sala wahid (Taminal 1), sala shamaliyya (na Arewa), ko salatul hujjaj (na Alhazai). Idan kuka ce "Jidda kawai", zai kai ku inda ya fi masa sauƙi, ya sauke kaya ya juya. Ku da akwatuna da tsofaffi da yara sai ku nemi wata mota da sabon ciniki, lokaci na tafiya.

Kada ku ɗauka inda kuka sauka nan za ku tashi. Mai bizar umra wani lokaci a ginin alhazai ake sallamarsa ko da a wani ginin ya sauka, ya danganta da kamfani da lokacin shekara. Kwana biyu kafin dawowa, shugaban tafiya ya duba da lambar nan ta tikiti mai haruffa da alƙaluma 6, ko ya kira ajans a Maraɗi ta tabbatar, a rubuta a takarda da Larabci a nuna wa direba tun kafin a ɗora kaya. Ku kuma duba ko daga Jidda ne ma za ku tashi. Tikiti da yawa sauka a Jidda ne, tashi daga Madina, MED, ko akasin haka, kuma tsakanin garuruwan ya haura kilomita 400.

Ku yi ɗawafin bankwana da wuri. A azumi, musamman goman ƙarshe, fita daga kewayen Harami kaɗai na iya cin lokacin da ba ku zata ba. Ruwan Zamzam kuma galan mai lita 5 da aka rufe a kwali ake karɓa, ku tambayi kamfaninku ko yana ɗauka kafin ku saya.

Aikin hajji fa, haka ne?

A'a, alhaji ba shi ke nemo wa kansa taminal ba. Hukumar alhazai ta Nijar, wato COHO, da ajans ɗin da ka biya su ke sanar da rana da wurin taruwa, a can ma jagorori ke kai ku fili a motoci. Naka shi ne kada ka rabu da ayarinka, kada wayarka ta mutu ranar da ake jiran kira.

Innata za ta tafi jinya ita kaɗai, ba ta karatu, ba ta jin wani yare sai Hausa. Me zan yi mata?

Allah ya ba Inna lafiya. In da hali a samu mai raka ta, shi ya fi. In babu, abu na farko ka sa ajans ta nema mata keken marasa lafiya a cikin tikitin, aƙalla awa 48 kafin tashi, a kowane jirgi na tafiya da dawowa. Kyauta ne. Amfaninsa ya wuce hutun ƙafa: ma'aikacin da zai tura ta shi zai kai ta daga jirgi zuwa ƙofar jirgi na gaba, ko da sai an sauya gini. Wasu iyayenmu sukan ƙi, su ce ƙafarsu lau. Ka lallashe ta, ka ce mata jagora ne aka ɗaukar mata.

Na biyu, ka rubuta mata kati da manyan haruffa: sunanta, lambar kowane jirgi, gari, taminal, da lambar wayar mai tarbarta tare da lambar ƙasa. Ta rataya a wuya ko ta sa cikin fasfo. Maganinta ya kasance a jakar hannu tare da takardar likita, katin allurar shawara kuma a maƙale da fasfo. Idan Delhi za ta, jiragen ƙasa da ƙasa a Taminal 3 suke sauka, can mai tarba zai jira.

Dubai nake zuwa sayayya. Ɗaya, biyu ko uku?

A filin DXB, Taminal 3 na Emirates ne, wasu jiragen flydubai ma suna tashi daga nan. Taminal 1 na yawancin kamfanonin waje ne. Waɗannan biyun suna jere, jirgin ƙasa na cikin gari yana tsayawa a kowanne. Taminal 2 shi ne bare: yana can ɗaya gefen titin jirage, yawanci na flydubai ne, jirgin ƙasan kuma bai shiga cikinsa ba. Mai flydubai ya fi kowa buƙatar dubawa, tunda kamfanin yana wuri biyu.

Ka lura da haruffa ukun ma. DWC wani fili ne dabam, Al Maktum, can kudancin gari. SHJ kuwa Sharja ce, wata masarauta. Ana sayar da su duka da sunan "tikitin Dubai".

Wasu garuruwan ma fili biyu gare su?

Sosai, kuma wannan ya fi kuskuren taminal muni. Istanbul tana da IST a ɓangaren Turai da SAW a ɓangaren Asiya, tsakaninsu kimanin kilomita 80. Paris tana da CDG a arewa da ORY a kudu, kuma shi kansa CDG ɗin Taminal 2 nasa ya rabu daga 2A har 2G, lambar ba ta isa ba sai da harafin. Idan ka ga tikiti mai araha ƙwarai, ka duba ko ya sauke ka a fili ɗaya ya ce ka tashi daga ɗayan. Hakan na nufin za ka shiga ƙasar, ka ɗauki kaya, ka ratsa gari, kuma sai da bizar shiga. In babu ita, tun a Yamai za a hana ka hawa.

Zan sauya jirgi a hanya. Idan na sauka, ina zan nufa?

Yawancin tafiyarmu haka take: ta Istanbul, Adis Ababa, Kazablanka, Lome, Abijan ko Alƙahira. Da ka fito daga jirgi, jama'a za su kasu biyu, masu shiga gari da masu wucewa. Kada ka bi taro. Ka bi allon da aka rubuta Transfer, Transit ko Correspondance. Wanda ya bi Exit ko Sortie zai tsinci kansa gaban jami'in shige da fice ana tambayarsa bizar da ba shi da ita.

Sabon filin Istanbul gini ɗaya ne, amma girmansa ya isa mutum ya yi minti 20 yana tafiya kafin ya kai ƙofarsa. A Adis Ababa jiragen ƙasa da ƙasa a Taminal 2 suke. A Alƙahira yawancin jiragen EgyptAir a Taminal 3 suke. Ko'ina ne, ka fara nemo ƙofarka ka gan ta da idonka, sannan ka nemi masallaci da abinci. Ƙofa tana sauyawa fiye da taminal, saboda haka ka riƙa leƙa allo ko da an buga lamba a katinka.

Kayana za su bi ni, ko sai na ɗauka?

Idan tikiti ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, yawanci suna wucewa da kansu. Idan tikiti biyu ne aka saya dabam-dabam don rage kuɗi, kai za ka ɗauka ka sake aunawa, kuma idan jirgin farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa. Ka tambayi ajans wannan tun kafin ka biya: lambar nan mai haruffa da alƙaluma 6, ɗaya ce ko biyu?

A wurin awo, ka karanta takardar da aka liƙa wa akwatinka kafin ya shige. Haruffan da ke jiki su zama na garin ƙarshe. Ƴan kasuwar Cana su kula sosai: Kano KAN ce, Gwanzu kuwa CAN, harafi ɗaya ya raba su. Ƙaramar takardar da za a ba ka kuma kada ka yar sai kayanka sun zo hannu.

Awa nawa kafin tashi zan isa?

Uku. A Jidda lokacin umra, huɗu ko fiye. Yawancin kamfanoni suna rufe teburin awo awa ɗaya kafin tashi, ƙofar jirgi kuma minti 15 zuwa 20. Lokacin da ke tikiti na tashin jirgi ne, ba na shiga ba.

Kowane lokaci da aka rubuta na garin da abin zai faru ne. Saudiyya, Turkiyya da Habasha suna gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Cana da awa 7. Wayar da ba ta kama rezo ba tana iya ci gaba da nuna maka agogon Maraɗi. Da ka sauka, ka daidaita da agogon bango.

To, ga shi na sauka a taminal ɗin da ba nawa ba. Yaya zan yi?

Kada ka tsaya jayayya da direba ko neman mai laifi. Ka duba agogo, ka nufi teburin bayani ko duk wani mai kayan aiki da kati a wuya, ka miƙa masa tikiti. Ba sai ka iya yarensa ba, takardar za ta yi magana. Matambayi ba ya ɓata, amma a tambayi ma'aikaci, ba fasinja ɗan uwanka da shi ma yau ya fara zuwa ba.

Manyan filaye da yawa suna da mota ko ƙaramin jirgin ƙasa na kyauta tsakanin gine-gine. Idan kana da awa biyu ko fiye, ka jira shi. Idan lokaci ya ƙure, ka hau tasi ka biya, ba ranar ciniki ba ce. Kana hanya ka gwada yin rajista ta waya. In kuma ka ga ba za ka kai ba, ka sanar da kamfani ko ajans kafin jirgin ya tashi. Wanda aka rubuta bai zo ba, sau da yawa ana soke masa sauran tafiyar har da dawowa, wanda ya yi magana da wuri kuwa yakan tsira da biyan kuɗin canji.

Wani ya zo ya ce zai taimaka mini da kaya ya nuna mini hanya. In yarda?

Idan ba shi da katin aiki, a'a. Fasfo da tikiti kuma ba a miƙa su sai ga wanda ke bayan tebur ko jami'i. Haka saƙo: mun taso da al'adar riƙe wa juna saƙo, kuma al'ada ce mai kyau, amma a filin jirgi duk abin da aka samu a jakarka naka ne a idon doka. Ƙullin da ba ka buɗe ka gani ba tun a gida, kada ka karɓa, ko da mai bayarwa ya gaishe ka da Hausa ya ce shi ma ɗan Maraɗi ne.

Idan babu rezo a can, yaya zan duba duk wannan?

Ka shirya tun daga nan. Ka ɗauki hoton tikiti, biza da shafin fasfo a waya, ka kuma buga su a takarda kwafi biyu, ɗaya a jakar hannu ɗaya a aljihu. Batirin ajiya na caji a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda ya shiga akwatin awo ba. Yawancin manyan filaye suna da intanet kyauta, amma wasu sai sun turo lamba ta saƙon waya, layinmu kuma ba koyaushe yake karɓa a waje ba.

Mai tarbata a can me zan gaya masa?

Abu huɗu: lambar jirgin ƙarshe da zai sauke ka, haruffa uku na fili, taminal na sauka, da lokaci a agogon garinsu. Da lambar jirgin zai iya bibiya a wayarsa ya ga ko an makara ko an sauya gini. Ku yanke wurin haɗuwa tun kafin ka tashi, misali bakin ƙofar fitowar fasinja, ku kuma yarda cewa in ba ku ga juna ba kai za ka tsaya wuri ɗaya, shi ya zagaya. Ka ba shi awa ɗaya bayan saukar jirgi kafin ya fara damuwa, don layin fasfo, jiran kaya da binciken duwan sukan ci hakan.